Na Ci Jarrabawar CNA, Wata Bakwai Ba Aiki

Assalamu alaikum Anti, da fatan kina lafiya. Ni 'yar Zariya ce, shekarata 34, 'ya'yana biyu. Shekara uku ke nan da na biyo maigidana Bronx a birnin Niyok, kuma takardun zamana cikakku ne. Kuɗin adashena na kwasa na biya makarantar koyon aikin mataimakiyar nas, wato CNA, na ci jarrabawa tashin farko, sunana ya shiga rajista. Yau wata bakwai ke nan. Na cike fom ta waya ya fi arba'in, duk a manyan asibitoci, sau ɗaya kawai aka kira ni. Matar ta tambaye ni ko na taɓa yin aikin, na ce a'a, ban sake ji daga gare su ba. Wata ƙawata ta ce hijabina ne matsalar. Maigida ya fara cewa in haƙura in koma shagon kitso. A gida kuma Mama ta riga ta gaya wa dangi cewa na zama nas a asibiti. Ni na yi jinyar mahaifinmu shekara uku bayan ɓarin jikinsa ya shanye, har Allah ya karɓi abinsa, shi ya sa na so aikin. Amma gaskiya ban nema a gidajen tsofaffi ba, don an ce kwashe kashi ne kawai, kuma har maza ake sa mutum ya yi wa wanka. Anti, me zan yi?

Wata baiwar Allah, Bronx

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya jiƙan Baba, ya sa jinyar da kika yi masa ta zama haske a gare ku duka.

Amsar wasiƙarki tana cikin layukanta na ƙarshe. Wata bakwai kina ƙwanƙwasa ƙofar asibiti, alhali makullin da ke hannunki na wata ƙofa ce aka yanka shi. Bari in gaya miki asalin takardar nan. A 1987 Majalisar Dokokin Amurka ta yi dokar gyaran gidajen jinyar tsofaffi, waɗanda mutanenmu a nan suke kira nosin hom, bayan an daɗe ana kokawa da yadda ake wulaƙanta tsofaffi a cikinsu. Dokar ce ta ce duk wanda zai riƙa taɓa jikin majinyaci a irin waɗannan gidaje sai ya yi horo na aƙalla awa 75, ya ci jarrabawa, an sa sunansa a rajistar jiha. Jihar Niyok ta ɗaga nata zuwa awa 100. Ke nan tun ranar da aka haifi wannan takarda, don gidan tsofaffi aka haife ta. Asibiti yana ɗaukar masu ita, amma yawanci yana son ƙari: iya ɗibar jini, iya ɗaura na'urar awon bugun zuciya, da wata shida ko shekara ta aiki a baya. Fom ɗin da kike cikewa a waya kuwa, sau da yawa kwamfuta ce take tace shi kafin idon ɗan Adam ya kai kansa, kuma ita ba ta ganin hijabi, gurbin da kika bari babu komai take gani. A wuraren da ke da ƙungiyar ƙwadago ma, idan gurbi ya buɗe, ma'aikatan ciki ake fara ba dama. Don haka shirun da kika ji bai ce komai a kan darajarki ba.

Can gidajen tsofaffin kuwa, su ne suke nemanki. A 2021 jihar Niyok ta yi dokar da ta wajabta wa kowane gida ya ba kowane majinyaci kulawar awa uku da rabi a rana, kuma aƙalla awa 2.2 daga ciki sai ta fito daga hannun mataimaka irinki. Gidaje da yawa suna fama su cika wannan lissafi, musamman da yamma, da dare, da Asabar da Lahadi. Mace mai takarda a hannu, mai izinin aiki, wadda za ta zo a kan lokaci, ba ta kwana a kasuwa.

Akwai kuma agogo biyu da suke tafiya ba ki sani ba, shi ya sa ba zan ce miki ki yi ta haƙuri kina jira ba. Na farko: ƙa'idar tarayya ta ce wanda ya biya kuɗin horonsa da kansa, idan gidan jinya ya ɗauke shi aiki ko ya yi masa tayin aiki cikin wata 12 da kammala horon, yana da haƙƙin a mayar masa da kuɗin da ya kashe, kaɗan-kaɗan gwargwadon zamansa a aikin. Wata bakwai sun tafi. Ki nemo rasit ɗin makaranta da na jarrabawa yau ɗin nan, ki ajiye su wuri guda, ranar da aka ɗauke ki ki tambayi ofishin ma'aikata yadda ake nema. Kuɗin adashenki ne, kada ki bar shi. Na biyu: idan aka yi wata 24 a jere ba ki yi aikin da aka biya ki a wannan fanni ba, takardar ta mutu, sai kin sake bin layin jarrabawa. Kuma ba kowane aikin kula da mutum ake lissafawa wajen sabunta ta ba. Idan wani kamfani ya ce zai tura ki gidan wata tsohuwa ki zauna da ita, ki tambaya tukuna ko wannan aikin zai riƙe miki sunanki a rajista.

Yanzu mu zo kan abin da ya fi nauyi, maganar kashi. Ba zan ɓoye miki ba, akwai shi. Akwai fitsari, akwai amai, akwai canza ƙunzugu da asuba, akwai gyambon kwanciya mai wari. Wanda ya ce miki babu, ya yaudare ki. Kuma ki sani a asibitin ma da kike hange, wannan aikin ne dai zai same ki, sai dai bangon ya fi ƙyalli. Amma kalmar “kawai” da aka liƙa a ƙarshen maganar, ita ce ƙaryar.

Ni na yi shekaru ina wannan aiki kafin in koma makaranta. A makona na farko aka ba ni wata tsohuwa da kowa ya gaji da ita, wai ba ta yarda a yi mata wanka, tana duka tana yaƙushi. Na shiga ɗakin da sassafe, na same ta ta dunƙule ta ƙanƙame bargo har wuya. Sai na tuna yadda muke yi wa kakata a gida lokacin hunturu. Na rufe ƙofa, na ja labule, na tara ruwa a roba na gwada ɗuminsa a bayan hannuna, sannan na sa hannunta ita ma ta ji. Ban yaye bargon ba. Hannu ɗaya na fito da shi, na wanke, na tsane, na shafa mai, na mayar ƙarƙashin bargo, sannan na fito da ɗayan. Haka muka bi jikin gaɓa-gaɓa, ba a taɓa buɗe fiye da inda ake wankewa ba. Da na zo kan gashi na sa matsefi a hankali, sai na ji ta saki kafaɗunta. Ashe ba wanka take ƙi ba, tsiraici da sanyi take ƙi. Matar nan ta yi shekaru tana koyarwa a makarantar firamare, hoton ɗalibanta yana kan durowa. Bayan nan duk safiya ni take jira. Ban koyi wannan a makarantar CNA ba, ƙanwata, daga tsakar gidanmu na zo da shi. Ke ma kin zo da naki.

Ki tuna shekara ukun da kika yi a kan Baba. Waye yake juya shi da dare don kada bayansa ya yi gyambo? Waye ya san cewa idan aka ba shi kunu da sauri zai ƙware? Lokacin da kike wanke masa zanin gado, kin ji kin ƙasƙanta? Na san amsar. Abin da ya bambanta shi ne tsofaffin nan ba naki ba ne, kuma za a biya ki. To biyan bai rage wa aikin tsarki ba, kamar yadda albashin malami bai rage wa karatu daraja ba. Allah ya faɗa mana a Suratur Rum cewa ya halicce mu daga rauni, ya ba mu ƙarfi, sannan ya mayar da mu ga rauni da furfura. Kowane ɗaki a gidan nan wani ne da ya kai wannan zangon, da yawansu kuma babu ɗa ko jika da ke leƙo su. Ni dai ban taɓa yin aikin da na fi jin ana bukatata a cikinsa kamar wannan ba.

Wannan ya kawo ni kan kuskuren da kika yi a waya, wanda ba na son ki sake. An tambaye ki ko kin taɓa yin aikin, kika ce a'a. Amsar nan ba daidai ba ce, kin tauye kanki. Ba na ce ki ƙirƙiro wurin aikin da ba ki yi ba, wannan ƙarya ce kuma ana ganowa. Gaskiyar za ki faɗa cikakkiya: ba a taɓa ɗaukata aiki da albashi ba, amma na yi jinyar mahaifina shekara uku bayan shanyewar ɓarin jiki, ina yi masa wanka, ina ciyar da shi, ina juya shi duk bayan awa biyu, ina ɗaga shi daga gado zuwa kujera, sannan na yi horon aiki a gidan jinya kaza lokacin makaranta. Ki rubuta wannan a takardar tarihin aikinki, da shekarun da abin ya faru. Ki maimaita shi da Turanci a gaban madubi har bakinki ya saba, don mu an tarbiyyantar da mu kada mu yabi kanmu, kuma a wurin intabiyu wannan kunyar tana cutarwa. Shugabar nas-nas da ta san aiki, da ta ji kin ambaci juyi duk awa biyu da tsoron ƙwarewa, ta san ba baƙuwa ce a gabanta ba. Ki ƙara da cewa kina jin Hausa, da duk wani harshe da kike ji.

Sannan ki ajiye wayar nan. Zuwa da kai ya fi aike. Ki sayi fayil mai tsabta ki zuba kwafin takardar CNA, katin shaida, katin soshiyal, wato na lambar Social Security, tarihin aiki shafi ɗaya, takardar gwajin lafiya da ta rigakafi, da lambobin mutum biyu da za su yi miki shaida. Malamar da ta koyar da ku aikin hannu ita ce ta fi dacewa, kuma ki kira ta tun yanzu, don irinsu sun san gidajen da ke ɗauka. Gidan da kuka yi horo a ciki ma shi ne wurin farko da za ki je, tunda sun taɓa ganin hannunki. Idan ba ki da katin horon farfaɗo da wanda numfashinsa ya tsaya, ki yi, kwana ɗaya ne, na ƙungiyar American Heart Association yana aiki shekara biyu, kuma asibitoci suna nemansa. Ki je da hantsi, wajen ƙarfe goma, bayan an gama hidimar safe, ki ce wa mai karɓar baƙi kina son ganin mai tsara jadawalin ma'aikata ko jami'in ɗaukar aiki. Ko sun ce ki cike ta intanet, ki cike, amma ki karɓi sunan wanda za ki kira, ki kira bayan kwana uku. Ki leƙa cibiyoyin Workforce1 na birnin, kyauta suke gyara tarihin aiki suna haɗa mutane da masu ɗauka. Ki kuma tambayi matan masallacinku, da wuya a rasa wadda take cikin aikin, kuma gidaje da yawa suna ba ma'aikaci tukuici idan ya kawo wanda aka ɗauka.

Wani abu ƙarami da ke tayar wa mutanenmu hankali: gwajin tarin fuka. Mu da aka yi wa allurar BCG muna jarirai, wadda ta bar mana tabo a hannu, sau da yawa gwajin fata yakan kumbura ko da lafiyarmu ƙalau. Ki gaya wa likita tun farko, akwai gwajin jini da allurar ba ta ruɗa shi, idan ya kama a ɗauki hoton ƙirji. Za a kuma ɗauki zanen yatsunki don binciken laifi, kowa ake yi wa.

Da kika shiga gida neman aiki, ki sani ke ma kina duba su ne. Kafin ki fita, ki buɗe shafin Care Compare na Medicare, wato shirin inshorar lafiyar tsofaffi na gwamnatin Amurka, ki sa lambar unguwarku, zai nuna miki gidajen da ke kusa da taurari daga ɗaya zuwa biyar, da tauraro na musamman kan yawan ma'aikata, har da yadda ma'aikata suke barin wurin. Amma gani ya kori ji. Kina zaune kina jira, ki buɗe hancinki. Warin da ya taso ya wuce ba komai ba ne, gidan jinya ne. Zarnin da ya kama bango da labule shi ne labari. Ki dubi farcen tsofaffin da ke zaune a falo, da gashinsu, da ko an goge musu baki bayan karin kumallo. Ki dubi fitilun kira da ke saman ƙofofi, minti nawa suke yi a kunne kafin wani ya amsa. Sannan ki yi tambaya uku ba tare da jin nauyi ba: mutum nawa ake ba mataimakiya ɗaya a dutin yamma, kwana nawa za a haɗa ni da tsohuwar ma'aikaciya kafin a bar ni ni kaɗai, kuma akwai ƙungiyar ƙwadago? A Niyok gidaje da yawa suna ƙarƙashin ƙungiyar ma'aikatan lafiya ta 1199SEIU, kuma wannan yana nufin inshorar lafiya da asusun tallafin karatu, wanda shi ne tsanin da mata da yawa suka taka suka zama nas.

Duti yawanci uku ne: bakwai na safe zuwa uku, uku zuwa sha ɗaya na dare, sha ɗaya zuwa bakwai. Na safe kowa yake so, tsofaffin ma'aikata sun riƙe shi. Wadda ta ce za ta iya yamma ko ƙarshen mako, ita ake fara kira. Nan ne maganar maigida ta shigo. Ku zauna da takarda da biro, ku tsara wa zai ɗauko yara daga makaranta, wa zai kwana da su, kafin ki amsa kowane duti. Kada ki karɓi jadawalin da gidanki ba zai ɗauka ba, don fashi a watannin gwaji shi ne abin da ya fi saurin korar sabuwar ma'aikaciya. Shi kuma ba na ganin mugunta a shawararsa, mutum ne da ya ga kuɗi sun fita ba su dawo ba. Kitso sana'a ce mai albarka, ta riƙe gidaje da yawa a Harlem da Bronx. Sai dai ki nuna masa lissafin: a shago da yawa kuɗin hannu ne, babu inshora, babu takardar albashin da za ku nuna idan kuna neman gida, kuma babu mataki na gaba. Ki roƙe shi wata biyu, ki gaya masa gidajen da za ki je da ranakun. Namiji ya fi natsuwa idan ya ga tsari.

Kuɗin ba mai yawa ba ne, gara ki sani. A 2023 matsakaicin abin da mai wannan aiki yake samu a faɗin Amurka dala dubu 38 ne da 'yan kai a shekara, na birnin Niyok ya ɗara haka, amma haya ma ta ɗara. Tun Nuwamba 2022 dokar birnin ta tilasta wa masu tallan aiki su rubuta iyakar albashin, don haka ki duba ki kwatanta. Kamfanonin ejensi da ke tura ma'aikata daga wannan gidan jinya zuwa wancan sukan biya fiye a awa, amma ban so ki fara da su ba. Za a jefa ki hawan da ba ki san kowa ba, ba ki san wane tsoho ne yake faɗuwa ba, wane ne ba ya haɗiye ruwa sai an kaurara shi, kuma idan aka samu kuskure sunanki ne a takarda. Ki tambaya ko a W-2 za a biya ki, wato takardar harajin ma'aikaci, ko a 1099, ta mai aikin kansa, don na biyun yana nufin harajin duk a kanki yake. Duk wanda ya ce ki ba shi kuɗi ya samo miki aiki, ki kama gabanki.

Hijabi kuma. Ba zan ce babu masu ƙyama ba, akwai su, na gamu da su. Amma doka tana bayanki. Dokar 'yancin jama'a ta 1964 ta hana a ƙi ɗaukar mutum saboda addininsa. A 2015 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar wata yarinya Musulma, Samantha Elauf, wadda kamfanin tufafi na Abercrombie & Fitch ya ƙi ɗauka saboda ɗankwalinta, alƙalai takwas cikin tara suka ba ta gaskiya. Idan wani ya fito fili ya ce sai kin cire, ki rubuta rana da sunansa da abin da ya faɗa, ki kira 311, layin wayar hukumomin birni, ki nemi hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta birnin. A gidajen jinya na Bronx kuwa, ki shiga ki gani da idonki, mata masu lulluɓi daga Gambiya, Gini, Gana da Bangaladash suna ta kai da kawo. Abin da zan ce kawai, ki yi wa aikin hijabin da ya dace da shi: gajere, mai launi ɗaya, marar fil, a cusa bakinsa cikin riga. Tsohon da hankalinsa ya ruɗe yakan cafko duk abin da ke lilo, kuma dogon mayafi yana jan ƙazanta daga gado zuwa gado. Maganar salla ki yi ta da mai kula da hawanku bayan an ɗauke ki, minti biyar a lokacin hutu ba ya gagara.

Batun yi wa maza wanka, na san shi ne yake cin ranki a ɓoye. Mata sun fi yawa a gidajen tsofaffi, kuma da yawansu su ma mace suke so ta taɓa su, don haka kina iya roƙon a fi ba ki ɗakunan mata, wani lokaci abokan aiki maza sukan yi musaya da ke. Amma kada ki shiga da zaton ba za ki taɓa kula da namiji ba. Daren da ma'aikata suka yi ƙaranci, tsoho ya ɓata jikinsa, ba za ki bar shi a ciki ba. Ni ba malama ba ce, ki je wurin malamin da kika amince da iliminsa, wanda ya san rayuwar nan, ki faɗa masa aikin yadda yake: safar hannu a hannu, tawul a kan al'aura, marar lafiyar da ba ya iya yi wa kansa. Ki tafi da sanin cewa jinya tana da tushe a wurinmu. Rufaida Al-Aslamiyya tana da tanti a masallacin Madina inda take jinyar masu rauni, a can aka kwantar da Sa'adu bin Mu'azu bayan yaƙin Khandaƙ. Ki warware wannan a zuciyarki kafin ranar farko, don wadda take aiki tana jin tana saɓo ba ta daɗewa, kuma tsohon yana ji a hannunta.

Idan Allah ya sa kin fara, abu biyu za ki tsare kamar idonki: bayanki da sunanki. Ni wata rana da yamma, a wani gida da ba zan ambata ba, an bar mu mu biyu a hawa guda, na ga abokiyar aikina ta yi nisa, na ce bari in ɗaga wani bawan Allah ni kaɗai daga kujera zuwa gado. Ƙafarsa ta saki, nauyinsa duka ya dawo kaina. Na riƙe shi bai faɗi ba, amma wani abu ya tsinke a ƙuguna, na yi makonni ina salla a zaune, har yau idan sanyi ya shigo ina jinsa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Idan takardar majinyaci ta ce mutum biyu ko na'urar ɗagawa, ki jira, ko wa zai yi tsaki. Sunanki kuma yana cikin rajistar da duk mai ɗaukar aiki yake dubawa. Idan aka tabbatar wa mataimakiya da cin zarafi, ko sakaci, ko taɓa kayan majinyaci, a nan ake rubutawa, kuma gidajen jinya ba su da izinin sake ɗaukarta. Don haka kada ki karɓi kyautar kuɗi ko zobe daga tsohuwa ko da tana kuka tana roƙonki, gobe tana iya mantawa ta ce an sace. Kada ki ɗauki hoton kowa a waya. Kada ki rubuta kin yi abin da ba ki yi ba. Kin ga ƙurji ko ja a bayan mutum, ko ya ƙi cin abinci, ki gaya wa nas nan take, don ke ce idon da ya fi kusa da shi.

Asibitin da kike so bai gudu ba. Ki yi wata shida zuwa shekara a gidan jinya, ki ƙara kwas ɗin ɗibar jini da awon zuciya, ki sake nema, fom ɗinki zai fita daban. Idan kuma nas ɗin ce a ranki, karatun LPN, wato ƙaramar nas mai lasisi, kamar shekara ɗaya ne, kwalejoji irin su Hostos da ke kan Grand Concourse suna da sashen koyon jinya har zuwa RN, wato cikakkiyar nas.

Saura Mama. Ki kira ta a cikin makon nan, kafin ma ki samu aikin, don nauyin maganar nan yana cikin abin da ya hana ki taka ƙofar da ta dace. Kada ki ce mata ta yi kuskure, ita alfahari take yi da ke. Ki ce, Mama, matakin farko nake, ni mai taimaka wa nas ce, aikin da zan yi shi ne irin wanda na yi wa Baba, ga tsofaffin da ba su da mai yi musu, ki sa mini albarka in kai ga zama nas ɗin. Matar da ta zauna a ɗaki ɗaya da ke shekara uku tana kallon yadda kike juya mijinta, ta fi kowa sanin abin da wannan aiki yake nufi.

Ranar Litinin ki fara da gidan da kuka yi horo, da wasu biyu da bas ɗaya zai kai ki. Ki rubuto mini bayan mako biyu ki gaya mini abin da kika gani da abin da suka ce, idan an yi miki tayi fiye da ɗaya mu duba tare. Allah ya buɗa miki, ya yi wa yaran albarka. Ki gaida maigida.